Yadda ake zaɓen girman kura domin igiyar ƙarfe ta lanƙwasa ba tare da ta lalace ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiyar da ake yasa a ƙauyukan Damagaram, ko a gindin benen da ake ɗaga wa bulo da kwaɓaɓɓen siminti a Sabon Gari, ya ga igiyar ƙarfe tana bin bayan kura, wadda makanikai suke kira fuli. Abin da ba kowa yake lura da shi ba shi ne yawancin igiyoyin da suke tsinkewa a irin waɗannan wurare ba nauyi ne yake kashe su ba. Igiya mai kaurin milimita 8 ta ƙirar 6×19, mai zuciyar zare, wadda aka yi da ƙarfe mai lamba 1770, wato lambar da ke nuna ƙarfin silinta, ba ta tsinkewa sai an ɗora mata abin da ya kusa tan 3.8, amma sai a ga ta fara fitar da ƙayoyi bayan ƴan watanni alhali bokitin yashi kawai take ɗagawa. Idan aka bincika, sau da yawa za a tarar an ɗora ta ne bisa kurar da ba ta wuce tafin hannu ba, kuma mai aikin ya zaɓi kurar ne ta hanyar duban nauyin kaya kaɗai. Girman kura kuwa daga kaurin igiya da irin tufkarta ake fitar da shi, nauyin kaya yana zuwa ne daga baya.

Igiyar ƙarfe ba sanda guda ba ce. Siraran silin waya ne aka murɗe suka zama tufka, sa'an nan aka murɗe tufka shida ko takwas a kewayen zuciya ɗaya, wadda kan zama ta zare ko ta ƙarfe. Lambar da ake rubutawa a jikin gangar da igiya take zuwa a naɗe a kanta tana faɗin wannan tsari ne: 6×7 na nufin tufka shida, kowace da sili 7, haka nan 6×19 da 6×36. Lokacin da igiya ta hau kura, silin da suke ta waje suna miƙewa, na ciki suna matsewa, kuma dukansu suna zamewa kaɗan a jikin juna domin su daidaita. Da ta sauka sai su koma yadda suke. Kowane hawa da sauka lanƙwasawa ɗaya ce, kuma wanda ya taɓa karya wayar ɗauri da hannu ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya ya san cewa ƙarfe yana gajiya, kuma gwargwadon tsananin lanƙwasar, gwargwadon saurin karyewarsa.

Akwai wani lissafi mai sauƙi da injiniya Franz Reuleaux na ƙasar Jamus ya bayar tun ƙarni na 19, wanda har yau yake nuna girman matsalar. Ana ɗaukar taurin ƙarfe, wato kusan niyutan (ma'aunin ƙarfin ja) 200,000 a kan kowane murabba'in milimita, a ninka shi da kaurin sili ɗaya, a raba da faɗin kura. A igiyar milimita 8 ta 6×7, sili ɗaya ya kai kusan kashi ɗaya cikin tara na kaurin igiyar, wato wajen milimita 0.9. Idan aka ɗora ta bisa kura mai faɗin milimita 100, lissafin yana ba da 1,800, alhali ƙarfin silin gaba ɗaya 1,770 ne. Ma'ana lanƙwasar kaɗai ta cinye ƙarfinsa tun ba a rataya ko guga ba. A zahiri abin bai kai haka muni ba, domin murɗin igiya yana sassauta wa silin, amma alƙiblar lissafin daidai take. Idan aka mai da igiyar nan bisa kura mai milimita 340, adadin yana sauka zuwa wajen 530. Idan kuma aka bar ƙaramar kurar aka sauya igiya zuwa 6×19, wadda silinta bai fi milimita 0.55 ba, zai sauka zuwa 1,100. Daga nan ake gane cewa hanya biyu ce kawai ake rage wa igiya wahala, ko a faɗaɗa kura ko a sirance sili.

Matakin farko, saboda haka, shi ne a san kaurin igiyar da gaske, kada a dogara da abin da mai shago ya faɗa. Igiyoyin da ake sayarwa a kasuwa wasu da inci ake kiransu, wasu kuwa da milimita, kuma ruɗani yakan shiga tsakani. Inci 5/16 ya yi daidai da milimita 7.9, inci 3/8 milimita 9.5 ne, rabin inci kuwa 12.7, saboda haka wanda ya sayi rabin inci da sunan milimita 12 ya samu igiyar da ta fi makwancinta kauri, wato kwarmin da take kwanciya a jikin kura. Ana aunawa ne da ma'aunin nan mai muƙamuƙi biyu da masu sassaƙa ƙarfe suke amfani da shi, kuma dole a auna daga ƙololuwar tufka zuwa ƙololuwar wadda take fuskantarta, wato wurin da ya fi faɗi. Wanda ya auna ta kwarin da ke tsakanin tufka zai samu adadin da ya gaza na gaskiya. Sabuwar igiya takan fi lambarta kauri da abin da bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, kuma wannan ba aibi ba ne. Idan babu ma'auni a kusa, bakin sifana yana iya ba da kusan amsa: igiyar milimita 8 ba za ta shiga sifana mai lamba 7 ba, za ta cika bakin mai lamba 8, ta yi rawa a cikin mai lamba 10.

Bayan kauri sai ƙirga sili. A ɗaure bakin igiyar da waya, a yanke shi tsaf, a duba fuskar yankan da kyau, a ƙirga tufka, sa'an nan a warware tufka ɗaya a ƙirga silinta. Aikin bai fi minti biyar ba, amma a kansa dukan lissafin ya rataya.

Masu ƙera igiya sun daɗe da fitar da adadin da ya kamata faɗin kura ya ninka kaurin igiya, kuma a takardunsu ana rubuta shi da D/d, babban harafin na kura, ƙaramin na igiya. Ga igiyar 6×7, wadda take cikin mafi tauri da ake ɗorawa bisa kura, mafi ƙarancin abin da aka yarda da shi shi ne ninki 42. Ga 6×19 irin wadda silinta na waje suke da kauri, wadda ake kira Seale, ninki 34 ne, idan kuwa ƙirar 6×25 ce mai ƙananan silin cike gurbi, ninki 26 ya isa. Ta 6×36 tana neman ninki 23, tsohuwar 6×37 mai siraran sili kuwa ana saukar da ita har 18. Ƙananan igiyoyi masu zuciyar ƙarfe da ake sayarwa domin ƙofofin gareji da ƙananan injinan ja suna bin wannan tsari, 7×7 ninki 42, 7×19 ninki 24. Igiyar da aka ƙera domin kada ta riƙa juyawa da kaya, irin 19×7, tana son 34. Ita kuwa 1×19, wadda tufka ɗaya ce tal, an yi ta ne domin ta tsaya a miƙe tana riƙe turke ko eriya, kuma bai halatta a ɗora ta bisa kura ba ko da wane girma.

A aikace ke nan, mai igiyar milimita 8 ta 6×19 zai ninka 8 da 34 ya samu 272, sai ya nemi kura mai milimita 280 ko 300. Da ta 6×36 ce, 184 zai samu, sai ya ɗauki ta 200. Da ta 6×7 ce, sai 336. Mai igiyar milimita 6 ta 7×19 yana buƙatar 144, wato kurar 150, amma maƙwabcinsa da ya sayi milimita 6 ɗin nan a ƙirar 7×7 domin ta fi araha yana buƙatar 252, kuma a ido igiyoyin biyu kusan iri ɗaya ne. Kullum ana ƙarasa adadin ne zuwa sama, ba a rage shi. Faɗin kura kuma daga ƙasan makwancin igiya ake auna shi zuwa ƙasan makwanci na ɗaya ɓangaren. Masu sayarwa sukan auna daga leɓe zuwa leɓe, wanda kan ƙara wa kura milimita 25 ko fiye a baki, alhali igiya ba a kan leɓe take kwanciya ba. Wasu takardun suna aunawa ne zuwa tsakiyar igiyar, amma wanda ya auna ƙasan makwanci ya tsaya a ɓangaren da ya fi aminci.

Ya kamata a fahimci cewa waɗannan adadi iyakar ƙasa ce, ba su ne girman da ya fi dacewa ba. Takardun masu ƙira sukan ba da adadi na biyu wanda suke ba da shawara a kansa, kuma yakan fi na farko da rabi ko fiye: 72 ga 6×7, 51 ga 6×19 ta Seale, 27 ga 6×37. Abin da zai raba gardama shi ne yawan kaiwa da komowa. Kurar da ake ɗaga injin mota da ita sau biyu a mako a gareji tana iya tsayawa a iyakar ƙasa, ta shekara da shekaru ba a ga illa ba. Kurar da take bakin rijiya mai zurfin mita gommai a Damargu, inda ake fitar da ƙasa ko ruwa daga hantsi har la'asar, tana lanƙwasa igiya sau ɗaruruwa a yini, kuma a nan duk abin da aka ƙara wa faɗinta yana dawowa a matsayin watannin da igiya za ta ƙara. A ganina wanda aikinsa na kullum ne kada ya sauka ƙasa da ninki 40 idan igiyarsa 6×19 ce. Idan kuwa mutum za a zura, kamar yadda ake saukar da mai haƙa cikin rijiya, ƙa'idar da Turai ta sa wa lif ɗin benaye ita ce ninki 40 aƙalla, kuma bai kamata a ɗora wa igiyar fiye da kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinta ba. Ga kayan da ba mutum ba, kashi ɗaya cikin biyar aka saba, wato kusan kilo 750 ga igiyar milimita 8 da aka ambata.

Wani zai ce to ai mafita tana da sauƙi, a sayi igiya mai siraran sili a huta da neman babbar kura. A ƙasar da babu ƙura wannan magana ce mai kyau. A Damagaram kuwa, inda hunturu yake cika komai da rairayi kuma ƙasar garin take cike da tsakuwar dutse, sirin sili shi ne abin da yashi ya fi saurin ci. Silin 6×37 a igiyar milimita 8 bai kai milimita 0.4 ba, kuma idan gogayya ta cinye sulusinsa ya gama aiki, alhali na 6×19 yana da naman da zai jure. Saboda haka a wurin da igiya take shafar bakin rijiya ko take jan ƙasa, na fi son a tsaya kan 6×19 ko 6×25 a biya kuɗin babbar kura sau ɗaya, a bar 6×36 ga wurin da babu sararin faɗaɗawa, kamar ƙaramin injin ja da ke gaban mota ko ƙugiyar da aka riga aka ƙera da kurarta. Sirin sili yana jure lanƙwasa, mai kauri yana jure gogayya, kuma babu igiyar da ta haɗa biyun a cike.

Ƙaramar kura tana rage ƙarfin igiya nan take ma, ba sai an jira gajiya ba. A ninki 40 igiya tana riƙe da kusan kashi 95 cikin 100 na ƙarfinta, a ninki 20 kusan 91, a ninki 10 kusan 86, idan kuwa aka naɗe ta a kan ƙarfen da kaurinsa daidai yake da nata, rabin ƙarfin ya tafi.

Faɗi kaɗai bai isa ba, domin makwancin igiya, wato kwarmin da ke kewaye da kura, yana iya ɓata duk lissafin da aka yi. Ƙasan makwancin dole ya zama zagayayye, ya fi kaurin igiya da kashi 5 zuwa 10 cikin 100, ta yadda zai rungumi fiye da sulusin kewayenta. Ga igiyar milimita 8 ana son zagayen ya kasance tsakanin milimita 8.4 da 8.8, zurfinsa ya kai ninki ɗaya da rabi na kaurin igiya, wato milimita 12, gefensa kuma su buɗe a hankali da kusurwar da ta kai kimanin digiri 45. Idan makwanci ya yi ƙunci yana matse igiya daga gefe biyu, ya hana silin zamewar da suke buƙata, sai su riƙa karyewa a layi biyu. Idan ya yi faɗi da yawa igiya tana kwanciya a kan layi ɗaya siriri, nauyi ya baje ta ta rasa zagayenta. A nan ne kayan da ake tsintowa a wurin masu kayan gwangwan suke yaudarar mutane. Fulin bel na injin mota ko na injin niƙa makwancinsa kamar bakin almakashi yake, an yi shi ne domin ya cije roba, kuma haka zai cije igiya. Gargaren babur yana da faɗin da ya isa, don na inci 17 ya zarce milimita 400, amma cikinsa a shimfiɗe yake kuma ƙarfensa bai da kaurin ɗaukar kaya masu nauyi, saboda haka ya fi dacewa da igiyar roba da guga. Abin da ya fi shi ne a kai guntun igiyar kanta wurin mai injin sassaƙa ƙarfe, a gaya masa faɗi da zagaye da zurfi a rubuce, ya gwada guntun a cikin makwancin kafin ya sauke aikin. Igiyar ta zauna har ƙasa ba tare da an danna ta ba, kuma idan aka haska fitila ta baya kada a ga haske a ƙarƙashinta.

Tsohuwar kura tana da tata matsalar. Igiya tana sirancewa da aiki, tana kuma sassaƙa makwanci daidai da sabon kaurinta, har wani lokaci a ga zanen tufkarta ya fito a jikin ƙarfen. Wanda ya sa sabuwar igiya a wannan makwanci ya sa ta cikin matsi tun ranar farko, kuma yawancin ƙorafin cewa igiyoyin yanzu ba su da ƙarko daga nan yake fitowa. Duk lokacin da za a sauya igiya, a sake sassaƙa makwancin ko a sauya kurar.

Sai a nan nauyin kaya yake shigowa. Matsin da igiya take yi wa kura ana samunsa ne idan aka ninka nauyi sau biyu aka raba da faɗin kura da aka ninka da kaurin igiya. Kilo 500 a kan igiyar milimita 8 da kura mai santimita 10 yana ba da kilo 125 a kowane murabba'in santimita, a kan kura mai santimita 28 kuwa kusan 45. Ƙarfen zubi na gama-gari yana jure kusan 34 ne a ƙarƙashin igiyar 6×19, zubin ƙarfe mai ƙwari, wanda ake kira sitil, kusan 63, itace kuwa bai kai 18 ba. Wannan ya nuna cewa kurar itace da makiyaya suke jan wasaki da ita ba ta igiyar ƙarfe ba ce, kuma idan kaya suna da nauyi ana iya tilasta wa mutum ya wuce girman da D/d ya ba shi. Sandar da kura take juyawa a kanta ma a lissafa ta daban, domin idan igiya ta hau ta sauko ta ɗaya gefen, sandar da abin da aka rataya ta suna ɗauke da ninki biyu na nauyin kaya, idan kuwa kwana ta yi kamar kusurwar ɗaki, ninki 1.4 ne. Kurar da boris ɗinta ya cije ta daina juyawa ta zama magagari, komai faɗinta.

Gangar da igiya take naɗuwa a kanta tana bin ƙa'ida ɗaya da kura, kuma a nan masu walda suka fi yin kuskure, domin sukan ɗauki bututun ruwa mai milimita 60 ko 90 su yi ganga da shi saboda juyawarta ta yi sauƙi a hannu. Gwamma a yi ganga mai faɗi a ƙara mata haƙoran rage nauyi. Tazarar da ke tsakanin ganga da kura ta farko ita ma tana da iyaka: kusurwar da igiya take karkacewa idan ta kai ƙarshen ganga kada ta wuce digiri ɗaya da rabi ga ganga mai santsi, ko digiri 2 ga mai layuka. A sauƙaƙe, a saita kura daidai tsakiyar ganga, a auna rabin tsawon gangar a ninka da 38. Ganga mai tsawon santimita 40 tana son kura a nisan mita 7.6, wanda ba a samunsa a kan ƙafafu ukun da ake kafawa a bakin rijiya, saboda haka idan tazarar mita 3 ce, tsawon ganga kada ya wuce santimita 16. Idan aka wuce wannan iyaka igiya tana gugar leɓen kura, tana hawa kan ƴar'uwarta a ganga. Idan kuma hanyar igiya ta bi ta kura biyu, a tsara su yadda za ta lanƙwasa ta fuska ɗaya, domin lanƙwasa dama sa'an nan hagu a kusa da juna tana gajiyar da sili fiye da lanƙwasa biyu ta gefe guda. Inda ba makawa, a nisanta su kuma a ƙara musu faɗi.

Igiyar kanta za ta nuna ko zaɓen ya yi daidai. Silin da gajiya ta karya bakinsa a yanke yake tsaf kamar an sa almakashi, kuma ana samunsa ne a ɓangaren da ya fi yawan bin kura, wannan kuwa alama ce ta ƙaramar kura ko matsattsen makwanci. Silin da gogayya ta cinye yakan sirance ya yi kaifi kafin ya rabu, wanda nauyi ya tsinka kuwa yakan ja wuya. A riƙa duba ta ana shafa ta da tsumma, kada a sa hannu tsirara, domin tsumma yana kama kowace ƙaya. A auna tsawon da tufka ɗaya take yi kafin ta gama zagaye igiya, wanda yakan kai ninki shida zuwa bakwai na kaurinta, kuma idan a cikin wannan tsawo aka ƙirga karyayyun sili 6, ko 3 a tufka ɗaya, a sauke igiyar. Haka ma idan ta ƙulle ta yi gwiwa, ko tufkarta ta buɗe kamar kejin tsuntsu, ko zuciyarta ta leƙo waje. Man shafawa kuwa a nan garin gara mai ruwa-ruwa wanda zai ratsa ciki a goge ragowarsa, a zuba shi daidai wurin da igiya take kan kura inda tufka take ɗan buɗewa, domin giris mai kauri yana tara rairayi ya koma abin goge ƙarfe.